Amsoshin Tambayoyinku: Fitar Da Mota Daga Laka Da Winci

Tambaya: Ina da a-kori-kura da nake dakon shinkafa da ita a fadamun Haɗeja. Duk damina sai ta kafe a taɓo. Na sayi winci, yaya zan yi aiki da shi lafiya?

Amsa: Malam direba, sannu da ƙoƙari. Fara duba ƙarfin wincin: ana so ya kai nauyin motar da kayanta sau ɗaya da rabi. Motar da ke tan 3 da lodinta tana buƙatar mai jan tan 4 da rabi. Kafin ka taɓa shi, sauke buhuna, ka sa shebur ka kwashe lakar gaban tayoyi, domin taɓo riƙe mota yake yi.

Nemi kakkaurar bishiya da ke daidai saitin motar. Ka zagaye gindinta da faffaɗan madauri, sannan ka maƙala ƙugiya a jikinsa. Kada ka naɗe wayar wincin a bishiya ka saƙalo ta da kanta, lanƙwasar nan ke raunana ta. In babu bishiya, haƙa rami mai zurfi ka binne tayarka ta ko-ta-kwana, ka ɗaura a jikinta. Ka warware waya da tsawo, don wincin ya fi ƙarfi idan naɗin ya ragu, amma ka bar aƙalla zagaye 5 a kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne taron jama'a. Mutanenmu akwai taimako, da mota ta kafe sai yara da manya su kewaye ta. To, wayar ƙarfe idan ta tsinke tana ɗaure tamau, kamar bulala take dawowa, tana iya karya ƙafa, tana iya kisa. Don Allah ka sa yaron motarka ya janye kowa nesa, fiye da tsawon wayar, ko da za a ji haushinka. Ka yafa bargo mai nauyi a tsakiyarta, ya danne ta ƙasa in ta tsinke. Kada kowa ya tsallaka ta, kada a kama ta ba safar hannu ta fata, don silin da ya ɓalle yana yanka.

Bar injin mota a kunne, winci yana shan batir sosai. Ka riƙa ja kaɗan-kaɗan kana tsayawa ya huce. In ka ji yana nishi motar ba ta motsa ba, dakata, ka koma ga shebur.