Darasin wannan wata: in mai ya jiƙa bujin mota

Ƴan'uwa ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci, garuruwanmu da yawa mota guda gare su. Ita ke kai mu kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. In ta lalace, gari duka ya tsaya. Shi ya sa darasin yau ya shafi kowa, ba direba kaɗai ba.

Ran wata kasuwa, kan hanyar Dakwaro, motar da na shiga ta fara rawa kamar mai masassara. Ta rasa ƙarfin hawan tudu. Direba ya buɗe gaba, ya zare wayar buji, sai ga ta sharkaf da baƙin mai. Nan take ya ce inji ya mutu. Ashe roba ce kawai ta bushe.

Mine ne buji? Wasu suna ce mashi fulogi. Shi ne ke ba da tartsatsin wuta wanda ke kunna isansi cikin inji. Ƙaramar mota mai tukunya 4 tana da buji 4. Motar gazwal ba ta da irin wannan buji, darasin bai shafe ta ba. Aikin mai shi ne ya sa ƙarafan inji su yi santsi. Bai kamata ya taɓa buji ba.

Tambayar farko ita ce: ina man yake? A saman buji, ko a bakinshi na ƙasa? Ku riƙe wannan da kyau, gama cuta biyu ce, kuma kuɗɗinsu ba ɗaya ba ne.

In man yana sama, cikin ramin da buji yake zaune, to daga marufin kan inji ya zubo. Ƙarƙashin marufin akwai doguwar roba, makanikai suna ce mata juwan. A motoci da yawa, kowane ramin buji yana da nashi zoben roba. Zafin inji da zafin bazara suna busar da su, su yi tauri, su tsage. Mai ya cika ramin, ya ci robar waya, wuta ta riƙa gudu gefe. Inji ya yi ta rawa, yana shan isansi a banza. In man ya ɗiga bisa bututun hayaƙi mai zafi, za ku ji ƙauri, har gobara tana iya tashi.

Gyaran ba wuya. A bar inji ya huce tukuna. A share ƙura da rairayi daga kan marufin. Kada a yi gaggawar kwance buji! A fara tsotse man da ke cikin ramin da sirinji ko da tsumma mai tsabta. In ba haka ba, mai da ƙasa duka za su faɗa cikin tukunya. Bayan nan a kwance shi da kilen buji, mai lamba 16 ko 21. Wayoyi kuwa, a sa ma kowace alama: 1, 2, 3, 4. Ga amfanin karatu. In aka musanya su, mota ba za ta tashi daidai ba.

Sai a ɗaga marufin, a fid da tsohuwar roba, a goge wurin ya bushe. A sa sabuwa tare da sababbin zobba, duka rana guda. Wanda ya canza ɗaya ya bar saura, zai sake buɗewa ba da jimawa ba. Wajen ɗaure kusoshi, a fara daga tsakiya zuwa gefe, sannu sannu. Nan ne yaran mota suke ɓata aiki. Suna tsammani ƙarfi ke hana yoyo. Ɗauri mai tsanani yana murƙushe robar, ko ya karya kusa. Haka kuma masu cika wurin da gam: ɗan kaɗan a kusurwa ya isa. In ya yi yawa, gutsattsarinshi suna shiga su toshe hanyar mai.

Buji kuma, a fara murɗa shi da hannu kafin a sa kile. Kan inji na yawancin motocin yanzu na sanholo ne, zarenshi ba ya jure ganganci.

To, in saman buji a bushe yake, amma bakinshi ya yi baƙi, yana ƙyallin mai fa? Wannan ya fi nauyi. Mai yana shiga inda isansi ke ƙonewa. Ko zobban fistan sun cinye, ko robobin bawul sun gaji. Shaidarshi hayaƙi ne mai shuɗi-shuɗi, kuma mai yana raguwa ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. Sabon buji ba ya maganin wannan. Kwana kaɗan shi ma zai jiƙe. Aikin makaniki ne a gareji, ba na bakin hanya ba.

Kada ku ruɗe da baƙin da yake a bushe kamar kunkunniya. Wannan ba mai ba ne. Isansi ne ya yi yawa, ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu. Buji mai lafiya bakinshi yana da kalar ƙasa-ƙasa. Ni a ganina, ƙura ita ce babbar maƙiyiyar injinanmu. Direban da ya cire matatar iska wai don mota ta sha iska, rairayi yake ba zobban fistan su ci.

Kowace safiya, kafin a ta da inji, a zaro sandar awon mai. Man ya tsaya tsakanin alamun nan biyu. Wanda ya wuce ta sama ma yana kawo yoyo. Masu babur da masu injin ban ruwa, ku ma ku duba bakin bujinku haka nan. Tsohon mai kuwa, a tara shi cikin galan, kada a zuba shi kusa da rijiya.