Darasi: Boras da Iyakar Shaƙarsa a Wurin Sana'a

Gabatarwa

Boras wani farin gari ne mai kama da gishiri, wanda ya ƙunshi sinadarin boron. Maƙeran zinariya da masu walda kan yi amfani da shi wajen narka ƙarfe da raba shi da datti. Da yake ba shi da wari, sau da yawa masu sana'a ba su ɗauke shi a matsayin abin tsoro ba. Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya fahimci ma'anar iyakar shaƙa.

Illolinsa

Ƙurar boras tana jawo ƙaiƙayin ido da bushewar hanci da maƙogwaro da tari. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna cewa yawansa a jiki yana cutar da haihuwa da ɗan tayi. Wannan ya sa Tarayyar Turai ta sanya shi cikin sinadarai masu matuƙar haɗari a shekarar 2010.

Iyakar Shaƙa

Iyakar shaƙa ita ce adadin ƙurar da ma'aikaci zai iya shaƙa kullum ba tare da ta illata shi ba. Ƙungiyar ACGIH ta Amurka ta ƙayyade miligiram 2 a kowace mita kubik ta iska cikin aikin awa 8, da miligiram 6 na minti 15 kacal. Ke nan ana auna guba da abu biyu: yawanta da tsawon lokacin shaƙarta.

Darasi Daga Maƙwabta

Maƙerin Kebbe ko Tambuwal ba shi da na'urar awon iska, sai dai kiyayewa. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Dalma ta fi boras dafi nesa ba kusa ba, amma hanyar shigarsu jiki ɗaya ce. Don haka a yi aiki inda iska ke ratsawa, a rufe hanci da baki, a wanke hannu kafin cin abinci, kada kuma a shiga gida da tufafin aiki. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mece ce iyakar shaƙa?
2. Tsara gajeren darasi ga 'yan aji shida na firamare a kan haɗarin ƙurar wurin sana'a.