Ciwon Haƙori: Wa Za Mu Tambaya?

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa kwana da ciwon haƙori? Idan ka taɓa, ba sai an yi maka bayani ba. Barci ba ya zuwa, abinci ba ya ciyuwa, ko ruwan randa ka kurɓa sai ka ji kamar an soka maka allura. Da gari ya waye ka zo ƙaramin asibiti, mu ba ka maganin rage zafi, mu ce ka tafi wurin likitan haƙori. Kai kuma ka ce, "A ina yake?" Sau da yawa amsar ita ce babban gari. Ga kuɗin mota, ga na kwana, ga na aikin kansa, ga gona tana jira. Sai ka koma gida ka dafe kunci.

A wannan darasi za mu koyi wanda ya kamata a tambaya a kan wannan rashi, da yadda ake tambayarsa har a sami amsa.

Me ya sa haƙori ba ya jira?

Babban mutum yana da haƙora 32, yaro kuma yana da haƙoran nono 20. Idan sukari ya zauna a baki, ƙwayoyin cuta suna cinsa su fid da tsami, tsamin kuma ya riƙa cin haƙori har ya yi ɗan kogo. A wannan lokaci aikin kaɗan ne: a share kogon, a cike shi, ka tashi. Idan aka bar shi, kogon yana kaiwa ga jijiya, daga nan ne ake kwana ana juyi. Idan aka ƙara barinsa, mugunya tana taruwa a saiwa, kunci ya kumbura. Kumburin yana iya gangarowa wuya ya toshe numfashi, kuma ana mutuwa da shi.

Maganin sha yana kwantar da zafi, amma ba ya cike kogo. Shi ya sa nisan likita yake da haɗari. Wanda bai sami likita ba yakan je wurin mai cire haƙori a kasuwa. Kayan aikin da ba a tafasa ba suna ɗaukar ciwon hanta da sida daga wani baki zuwa wani, kuma sau da yawa saiwa tana karyewa ta zauna a ciki. Wasu suna ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon. Wannan ƙona dasashi kawai yake yi.

Yara kuma suna da nasu haɗarin. Akwai cutar da ake kira noma, ba ta da dangantaka da aikin gona. Tana kama yara, musamman 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba sa samun isasshen abinci. Tana farawa da gyambo a dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci. Idan an gan ta da wuri, magani yana tsai da ita. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Amma wa zai gan ta da wuri idan babu mai duba bakin yara?

Abin da ya faru a Ingila

Kada ka ɗauka talaka ne kaɗai yake wannan kuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutane wajen biliyan 3.5 suna fama da ciwon baki ko haƙori. Ko a Ingila, inda gwamnati ta kafa tsarin kula da lafiyar kowa tun 1948, abin ya gagari mutane da yawa. A 2022 BBC ta tuntuɓi dubban asibitocin haƙori a Birtaniya, ta tarar tara cikin goma ba sa karɓar sabon babban majiyyaci a ƙarƙashin tsarin gwamnati. A watan Fabrairu na 2024, a birnin Biristol, ɗaruruwan mutane suka yi layi a ƙofar wani sabon asibitin haƙori don a rubuta sunansu, har 'yan sanda suka zo.

To, wa yake tambaya a madadin waɗannan mutane? Tun 2003 doka ta ba majalisun ƙananan hukumomi na Ingila ikon bin diddigin aikin lafiya a yankinsu. Kansiloli suna kafa kwamiti, su kira jami'an lafiya su zo su amsa tambayoyi a zaman da jama'a suke iya halarta. Suna sauraron mutanen gari, su rubuta shawarwari, kuma idan sun nemi amsa dole a ba su a rubuce cikin kwana 28.

Kwamitin ba ya ɗaukar likita aiki, ba ya kuma canja dokar ƙasa. Ɗaya daga cikin manyan dalilan matsalar ma ya fi ƙarfinsa: tsarin biyan kuɗi da aka kawo a 2006 ya daɗe yana biyan likita kuɗi ɗaya, ko haƙori ɗaya ya cike wa mutum ko da yawa, shi ya sa likitoci da dama suka koma aikin kansu. Amfanin kwamitin shi ne, abin da kowa yake gunaguni a kansa a gida ya zama rubutacce, da adadi, da sunan ofishin da zai amsa, da ranar amsa. Wannan shi ne abin koyi a gare mu.

Mu fa a Kamaru?

Muna da ƙofofi biyu. Ta farko ita ce kwamitin lafiya na yankinku, wanda ake kira COSA. Asalinsa yana komawa ga taron da ministocin lafiya na Afirka suka yi a Bamako a 1987, inda aka amince jama'a su sa hannu cikin tafiyar da ƙananan asibitocinsu. Wakilan ƙauyuka suna zama a cikinsa tare da shugaban asibiti, kuma maganarsu tana hawa zuwa gundumar lafiya.

Ta biyu ita ce majalisar ƙaramar hukuma, wato komin. Akwai 360 a ƙasar nan. Dokar ranar 24 ga Disamba 2019 ta ɗora musu gina ƙananan asibitoci na yankinsu, da sa musu kayan aiki, da kula da su. Ta ce zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a, sai dai idan an yanke a yi shi a asirce. Ta kuma ba kowane mazaunin yankin dama ya nemi ganin kasafin kuɗi da rubutaccen bayanin zama, ya biya kuɗin kwafi.

Ka lura da iyakarsu. Ma'aikatar lafiya ce take tura likitocin gwamnati, ba magajin gari ba. Amma magajin gari yana iya sayen kayan aiki, ya gyara ɗaki, ya kai kukanku gaba da hatimin ofishinsa.

Matakai biyar

Na ɗaya, ku ƙirga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin kafin a gyara. Idan kun ce "muna shan wahala", za a ce muku Allah ya sawwaƙe. Ku sami littafi ɗaya da mutum biyu ko uku masu rubutu. Wata ɗaya cur, ku tambayi mutane bayan sujada ranar Lahadi, bayan sallar Juma'a, a taron mata, da ranar kasuwa. Kada ku rubuta suna. Ku rubuta shekarun mutum, tsawon lokacin da ya yi da ciwon, inda ya je, sefa nawa ya kashe, da kwana nawa ya rasa a gona ko makaranta. Ku roƙi malamin asibiti ya ƙirga muku masu ciwon haƙori da suka zo cikin shekara.

Na biyu, ku kai wa kwamitin lafiya, ku roƙa a rubuta maganar cikin bayanin taro.

Na uku, ku rubuta wa magajin gari takarda ta hannun kansilanku. Shafi ɗaya ya isa. Ku yi kwafi biyu, a buga wa naku hatimi da kwanan wata. Ana zama a kan kasafin shekara mai zuwa wajen ƙarshen shekara, saboda haka ku kai takardar tun kafin girbi ya ƙare.

Na huɗu, ku halarci zaman. Kansilanku ne zai yi magana, ku kuma ku saurara cikin ladabi. Ku ba shi waɗannan tambayoyi tun daga gida:

Ina ne wuri mafi kusa na gwamnati da ake cire haƙori ko cike shi, kuma a waɗanne ranaku?

Nawa ne kuɗin kowane aiki, kuma an manna shi inda kowa zai gani?

Kayan aikin da suke can suna aiki, ko sun lalace?

Nawa aka ware wa lafiya bara, kuma me aka yi da shi?

Wa zai ba mu amsa, kuma yaushe?

Na biyar, ku koma. A nan ne yawancin ƙoƙari yake mutuwa. Idan an ce wata uku, ranar da wata uku ya cika ku je da takardarku mai hatimi. Idan an yi wani abu, ku yi godiya a gaban jama'a. Idan ba a yi ba, ku sake tambaya ba tare da zagi ba.

Me za ku roƙa?

Idan kun nemi babban gini da kujera mai lantarki, za a ce babu kuɗi, kuma wataƙila gaskiya ne. Ku nemi abin da zai yiwu bana. A sa rana ɗaya a wata da mai aikin haƙori zai zo daga asibitin gunduma, a biya masa kuɗin mai. A sayi tukunyar tafasa kayan aiki, da kayan cire haƙori, da allurar kashe zafi. A tura malamin asibiti ɗaya ya koyi duba baki da gane noma. A duba bakin 'yan makaranta sau ɗaya a shekara.

Akwai kuma hanyar cike haƙori da aka fara a Tanzaniya wajen tsakiyar shekarun 1980, wadda ba ta bukatar lantarki ko injin huda. Ana share kogon da ƙananan kayan hannu, a cike shi da wani farin haɗi mai kama haƙori. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan haɗi, da man goge baki mai fuloraid, cikin jerin muhimman magunguna. Ku tambaya ko za a iya kawo ta wurinku.

Naka rabon aikin

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Majalisa ba za ta wanke maka baki ba. Ka goge haƙora safe da dare da man goge baki mai fuloraid, ka tofar, kada ka kurkure. Asuwaki yana share datti da kyau, ka ci gaba da shi. Ka rage sukari a shayi da kunu, ka rage wa yara alewa da lemon kwalba. Uwa, ki riƙa buɗe bakin ɗanki kina dubawa. Turamen da suke fitowa can baya yana ɗan shekara 6 na dindindin ne, ba za su sake fitowa ba.

Idan kuwa ka ga kumburi yana gangarowa wuya ko yana hawa ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suna wuya, ko yaro yana da gyambo a baki da wari da kumburin kunci, kada a jira taro, kada a jira ranar kasuwa. A kawo shi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A ƙauyenku, ina mai ciwon haƙori yake zuwa, kuma nawa yake kashewa?

2. Wa yake wakiltarku a kwamitin lafiya? Wane ne kansilanku?

3. Su wa za su riƙe littafin ƙirga, kuma wace rana za su fara?