Launin taurari a hoto: abin yi da abin bari

Na'urar hangen nesa mai gilashi a gaba tana da ciwo tun asali. Gilashi ba ya karkatar da launuka daidai: shuɗi ya fi lanƙwasawa, ja ya yi ƙasa da shi, kowanne ya taru a wurinsa. Wannan matsalar ce ta sa Isaac Newton ya koma ga madubi a 1668. Mai ɗaukar hoton sama da gilashi dole ya kiyaye waɗannan shawarwari.

1. Kada ka sayi na'ura saboda an rubuta ED ko APO a jikinta, wai alamar an gyara matsalar launi. Babu wata hukuma da ke tantance waɗannan haruffa, kowane kamfani yana mannawa. Tambayi gilashi nawa ne a gaba, biyu ko uku, kuma wane iri. FPL-53 na kamfanin Ohara da FCD100 na Hoya suna kusa da ma'adinin fulorait wajen hana launuka warwatsewa. FPL-51 bai kai su ba. Amma gilashi mai tsada shi kaɗai ba ya gyara komai, sai an haɗa shi da abokin da ya dace, an kuma goge su da kyau. Mai sayarwa da ya ƙi faɗin sunan gilashinsa, bar masa kayansa.

2. Ka san iyakar mai gilashi biyu na gargajiya, irin wanda John Dollond ya yi wa rajista a Ingila a 1758. Yana haɗa ja da shuɗi a wuri ɗaya, ya bar shunayya tana yawo. Ido kan yafe wannan, kyamara ba ta yafewa, domin tana tara haske na mintoci. Ƙa'idar Conrady ta ce, don kada launi ya dame ka, a raba lambar f ta na'urar da faɗin gilashin a inci, a sami 5 ko sama. Gilashi mai inci 4 ke nan sai f/20. Gajeren nan mai inci 4 da f/5 da ya cika kasuwa yana ba da 1.25 kacal. Kada ka ɗora masa kyamara mai launi sannan ka yi ƙorafin zoben shuɗi a kewayen taurari.

3. Ka sa filtar da ke tare hasken da ke ƙasa da nanomita 400 da wanda ya haura 700. Kyamarar taurari tana ganinsu, gilashin kuwa ba a gyara shi dominsu ba, sai taurari su kumbura.

4. Kada ka ɗora wa gilashi laifin iska. Tauraron da ke ƙasa kusa da doron ƙasa yakan fito da ja a gefe ɗaya, shuɗi a ɗayan, ko da na'urar ta fi kowace kyau. Laifin gilashi zobe ne da ya kewaye tauraro gaba ɗaya. Jira abin ya hau sama sosai. Cikin hazon hunturu kuma ƙura tana cinye shuɗi, kada ka yi gwajin launi a daren.

5. Ka yi gwaji da taurari masu zafin haske. Taurarin Kaza da 'ya'yanta, waɗanda shuɗaye ne, suna tona asirin gilashi nan take. Duba tsakiya, duba kusurwoyi huɗu. In launi ya rabu a kusurwa kawai, zargi gilashin da ka ƙara a baya don miƙe fili, ko tazararsa da kyamara.

6. Ka sake saitin fokas duk lokacin da ka canza filta, da kuma idan dare ya ƙara sanyi. Mai gilashi biyu ma yana iya aiki mai kyau da filtoci masu ƙunci, kamar na hasken haidurojin a nanomita 656 da na oksijin a 501, muddin kowanne ya sami saitinsa.

7. Kada ka daidaita launi da ido. Manhajojin Siril da PixInsight suna auna taurarin hotonka da kundin taurari. PixInsight yana amfani da bayanan kumbon Gaia na Turai. Yi wannan kafin ka ja hasken hoton.

8. Kada ka goge zoben shuɗi a kwamfuta sannan ka nuna hoton a matsayin shaidar ingancin na'ura. Wani zai kashe kuɗinsa a kan maganarka. In za ka kwatanta na'urori biyu, yi a dare ɗaya, da kyamara ɗaya, a kan tauraro ɗaya, ka nuna ɗanyen hoton.