Kalmar "May" Da Aikinta Cikin Turanci

A lokacin gwajin koyarwa da ya wuce na aika wa wani ɗalibinmu takarda a makarantar da aka tura shi, can wajen Bukuru. Abin da na rubuta shi ne, "I may not come on Thursday." Ran Alhamis sai na sami mota, na tafi. Na tarad da shi bai shirya darasi ba, ko allo bai goge ba. Da na tambayi dalili sai ya ce, "Malam, ai kai ka rubuto ka ce ba za ka zo ba." Ya zaro takardar daga aljihu ya nuna mini. Ban rage masa maki ran nan ba, gama na ga rabin laifin namu ne, mu da muka koya masa. Amma in ba a gyara ba, abin da zai je ya koya wa yara ke nan shekara da shekaru. Saboda haka bari mu duba kalmar nan tare.

Babban aikin "may" shi ne nuna abin da ke iya faruwa, amma ba a tabbatar ba. Da Hausa mukan ce watakila, ko mai yiwuwa ne, ko ta yiwu. In ka ga hadari ya haɗu bisa Dutsen Shere cikin watan Agusta, kana iya cewa, "It may rain this evening," watau watakila a yi ruwa da yamma. In kuwa ka ce, "It will rain," to, ka yanke magana. Mai cewa "will" ya ɗauki alkawari. Mai cewa "may" ya bar ƙofa a buɗe.

Wurin korewa ne aka fi tuntuɓe. "He may not come" ma'anarsa watakila ba zai zo ba, kuma watakila ya zo. "He will not come," ba zai zo ba. "He cannot come," ba shi da halin zuwa. Magana uku ke nan dabam dabam, ɗalibina kuwa ya haɗa ta fari da ta biyu.

Ga ka'idodi huɗu da ya kamata kowane malami ya riƙe.

1. "May" ba ta karɓar harafin s ko da mutum ɗaya ake nufi. "She may go" daidai ne, ba a cewa "She mays go."
2. Fi'ilin da ke bin ta tsirara yake zuwa, ba "to" a gabansa, ba ƙari a bayansa. "He may sell his potatoes," ba "He may to sell" ba.
3. In abin ya riga ya wuce, kai ne ba ka tabbatar ba, sai ka sa "have." "He may have gone to Farin Gada," watau mai yiwuwa ne ya tafi Farin Gada.
4. Ba a fara tambayar yiwuwa da ita. Ba a cewa "May it rain today?" Sai dai "Do you think it will rain today?"

Sa'an nan akwai 'yar'uwarta, "might." Yawanci tana nuna yiwuwar da ta fi rauni kaɗan, kamar a ce, "It might rain, but the sky is clear." Ita ce kuma ke maye gurbin "may" in ana ba da labarin abin da wani ya faɗa a baya. Na ce, "I may come." In ɗalibin zai gaya wa hedimasta washegari sai ya ce, "He said he might come."

Kada kuma a rikita ta da "can." Garin Jos yana bisa tudu mai tsawon wajen ƙafa 4,000, saboda haka kowa ya san sanyinsa na hunturu. In za ka gaya wa baƙo halin garin sai ka ce, "It can be very cold in Jos in January," watau akan yi sanyi ƙwarai. In kuwa daren yau kake nufi, kai ma ba ka san yadda zai kasance ba, sai ka ce, "It may be cold tonight." Ta fari halin abu ce da aka sani, ta biyu zato ne.

Kalmar tana da waɗansu ayyuka biyu. Ana neman izini da ita, kamar yaro ya ce, "May I go out, sir?" Ana addu'a da ita, kamar "May God help you," Allah ya taimake ka. Shi ya sa "You may not go" ke da fuska biyu, ko hani ko shakka. Sai ka duba wanda ke magana da abin da ake ciki. In malami ne ya faɗa wa yaro a bakin ƙofar aji, hani ne. A lura kuma da rubutu: "maybe" a haɗe ita ce watakila, tana iya buɗe jimla, "may be" a rabe kuwa fi'ili ne, kamar "He may be ill."

In za ku koyar da wannan, kada ku fara da ka'ida. Ku sa wani abu cikin aljihu, ku ce yara su yi ta cinka. Wannan ya ce, "It may be a key," wancan ya ce, "It may be chalk." Sa'ad da kuka fito da shi kowa ya gani, sai su ce, "It is a key." Nan take za su ji bambancin zato da tabbas.

Ga aiki. A juya waɗannan zuwa Turanci, a kawo mini kafin Jumma'a:

Watakila kasuwa ba za ta ci gobe ba.
Akan yi ƙanƙara a Jos da damina.
Mai yiwuwa ne ya manta da littafinsa a gida.
Malam ya ce watakila ya zo.

Ɗalibin nan da na ambata shi ne ya fara kawo nasa, tun ban gama rubutun nan ba. Ya ci uku cikin huɗu. Wassalam.