Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Malami Zai Tsara Darussan Kwas a Intanet?

Wannan tambaya ta fito ne daga Masama ta ƙasar Gwandu a jihar Kebbi. Wani malami ne ke son sanin yadda zai ɗora tsarin darussan kwas ɗinsa a dandalin karatu na intanet.

To Malam, Allah ya ƙara basira. Dandalin da jami'o'i da dama suke amfani da shi shi ne Moodle, wanda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002, kuma kyauta ne. Akwai Google Classroom na 2014, ya fi sauƙin kamawa, sai dai a ganina Moodle ya fi dacewa da dogon kwas.

Fara da biro da takarda. Ka raba kwas ɗin mako-mako, don Moodle na da wannan tsari a shirye. A saman shafi ka rubuta manufar kwas, littattafan da za a karanta, ranakun gwaji da yadda za a raba maki. Kada ka yi sake da maganar maki, nan ne rigima da ɗalibai take tashi.

In a jami'a kake koyarwa, kamar Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, ka duba kundin manhajar karatu na CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022: kashi 70 cikin ɗari na manhaja daga hukumar yake, 30 na jami'a.

Sai batun data. Dogon bidiyo na cinye kuɗin ɗalibi. Ka fi yawaita takardun PDF da gajeren sauti, ɗalibai su sauke a manhajar Moodle ta waya, su karanta ko babu sabis.