Wane Fenti Ne Ke Jure Ranar Tamale?

Wani mai sauraronmu daga Tamale ya ce ƙofar ƙarfensa tana kallon yamma, fenti ba ya shekara sai ya ɓare. Wanne zai saya?

To Malam, a garin da zafi ke kai digiri 40 a watan Maris, baƙin fenti wahala ce, zafi yake sha har ya tsage. Ka nemi fentin mai, fari ko ruwan toka, ban da na ruwa da ake shafa wa bango. Amma sirrin yana ƙasa: kankare tsatsar da burushin waya har ƙarfen ya yi ƙyalli, ka fara shafa jan fentin hana tsatsa. Ya bushe, sannan shafi biyu marasa kauri, da sassafe, ranar da babu ƙurar hunturu. Kada ka bari mai fenti ya tsinka shi da fetur.